Rancen Noma da Talaucin Manomi a Ƙasar Bakori da Funtuwa



Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar wurin manomi, domin tasa ce sana'ar da ake kashe kuɗi a watan Yuni, ba a ganin abin da aka samu sai wajen Nuwamba. Tsakanin shuka da girbi akwai wata biyar na ci ba samu, a cikinsu ne kuwa ake sayen taki, a biya 'yan ƙwadago, a ciyar da iyali, a yi jinyar zazzaɓin damina. Ganin haka ne ya sa tun daga shekarun 1970 gwamnatocin ƙasashe masu tasowa, da manyan bankunan da ke ba su rance, suka ɗauka cewa in aka sa wa manomi kuɗi a hannu talaucinsa zai kau. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne dalilin da ya sa wannan zato ya tabbata a wasu wurare, ya ƙi tabbata a wasu. Za a ɗauki misali daga ƙasar Bakori da maƙwabtanta, watau Funtuwa da Malumfashi, domin a nan aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen raya karkara na Nijeriya, kuma shekara hamsin sun isa a waiwaya a auna abin da ya haifar.

Masana tattalin arziki suna yawan ambaton ingancin hukumomi, musamman tun da aka ba Douglass North lambar Nobel a 1993 saboda aikinsa a kan wannan fanni. Kalmar tana da nauyi a baki, amma a ƙauye ma'anarta a fili take. Ana nufin wane ne ke rubuta sunayen waɗanda za a ba rance, wane ne ke riƙe da mabuɗin sito, ko takin da aka yi alkawari zai iso kafin noman firi ko sai an fara yankan dawa, ko sikelin mai saye yana faɗin gaskiya, ko akwai inda talaka zai kai ƙara a saurare shi, ko kuma hanyar gona tana biyuwa lafiya. Kuɗin rance ba su da ƙafar da za su taka daga Kaduna ko Abuja zuwa wata unguwa a bayan Bakori. Ta hannun mutane suke bi, kuma halin waɗannan hannuwa shi ke yanke ko kuɗin za su isa, da wanda za su isa gare shi.

Ya kamata a fara da yadda talauci yake aiki a gona, domin galibin shirye-shiryen rance an tsara su ne ba tare da an kula da wannan ba. A ɗauki magidanci mai 'yar gona kadada ɗaya ko biyu. Da kaka, lokacin da kowa ke kai hatsi kasuwa farashi ya faɗi ƙasa warwas, a lokacin ne bukatu suke taso masa gaba ɗaya: bashin damina, auren 'ya, tufafin iyali, gyaran ɗaki, a da kuma har da haraji. Sai ya sayar da arha. Kafin ruwa ya zauna rumbunsa ya yi ƙasa, a tsakiyar damina kuwa ya koma kasuwa yana sayen irin hatsin da ya sayar, da tsada. Ba shi da abin saye sai ƙarfinsa, saboda haka ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar mai hali, a daidai kwanakin da tasa gonar ke neman noma. Ciyawa ta cinye shukarsa, amfanin bana ya gaza na bara, baɗi ya fara sayen hatsi tun da wuri. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta nuna a littafinta na 1972 cewa akwai magidantan da talauci ya hana su noma, alhali suna da gona. Wannan ita ce gaɓar da ta fi muhimmanci. Irin wannan mutum ba jahilcin noma ke damunsa ba, ba kuma lalaci ba. Abin da ya rasa shi ne abincin mako shida ko bakwai a daidai lokacin da ya kamata ya tsaya a gonarsa.

Tun kafin a san banki ƙauye yana da hanyoyinsa na cike wannan giɓi. Akwai rancen 'yan'uwa da abokai, wanda ba a ɗora masa komai. Akwai adashi, akwai biki tsakanin mata. Akwai jingina, inda mutum zai ba da gonarsa a riƙe har ya dawo da kuɗi, wadda sau da yawa ita ce matakin farko na rabuwa da gonar. Akwai kuma falle, watau a karɓi kuɗi ko hatsi da damina a biya da hatsi da kaka, a kan ƙimar da ta gaza ta kasuwa nesa ba kusa ba. Malamai sun daɗe suna sukar falle a kan riba ce, shi ya sa ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, amma ba ta mutu ba, saboda mai falle yana da abubuwa biyu da banki bai taɓa samu ba: yana nan kusa, kuma yana biya a ranar da aka je masa.

A 1988 da 1989 wani masani Ba'amurke, Christopher Udry, ya bi diddigin basussukan da ake ci a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya. Ya tarar kusan dukkansu tsakanin mutanen gari ɗaya ne ko dangi, ba takarda, ba jingina, sau da yawa ba a ma yanke ranar biya ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne yawan abin da ake biya yana bin halin da aka shiga. In wanda ya ci bashi ambaliya ta ci gonarsa, ko ciwo ya kwantar da shi, sai a rage masa. In mai ba da bashin ne masifa ta auka wa, sai a ƙara masa a kan abin da ya bayar. Wanda ya ƙi biya yana da hali kuwa, dattawan gari ne ke kiransa, kunya da tsoron kada a daina ba shi su ne 'yan sandan wannan ciniki. Watau bashin ƙauye rance ne da inshora a haɗe. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna yadda fataucin hatsi na yankin ya tsayu a kan irin wannan amana, daga attajirin da ke ba da jari zuwa ɗan ƙauyen da ke saye ya ajiye masa, da yadda mai dukiya ke ɗauke da nauyin jama'a da ba ya iya kaucewa.

Kada a ɗauka wannan tsari aljanna ce. Jarinsa kaɗan ne, ba zai sayi garmar shanu ga kowa ba, balle ya haƙa rijiyar noman rani. In fari ya zo, kamar na 1973 da na 1984, mai bayarwa da mai karɓa duk jirgi ɗaya ya kwashe su. Wanda aka san ba shi da komai kuwa, shi ne aka fi ƙin ranta wa, tun da da ruwan ciki ake jan na rijiya. To, ga inda matsalar take: mutumin gari ya san manomi amma kuɗinsa kaɗan ne, banki yana da kuɗi amma bai san manomi ba. Duk tarihin rancen noma a ƙasashe masu tasowa ƙoƙari ne na haɗa waɗannan biyu.

Ƙasar Bakori, inda Makaman Katsina ke hakimci, da ta Galadima a Malumfashi, da ta Sarkin Maska a Funtuwa, suna cikin mafi albarkar ƙasar noma a Arewa. Ruwan sama ya fi na arewacin Katsina, ƙasar kuma tana karɓar dawa da auduga. Tun zamanin Turawa kamfanin auduga na Ingila da ake kira BCGA ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka yi gonar iri a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda. Manomin wannan yanki ya daɗe da sanin fuloti da sikeli da kuɗin auduga. Ba baƙo ba ne a kasuwa, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka zaɓi yankin.

A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya, da gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, da Bankin Duniya wanda ya ba da rancen dala miliyan 29. Shi da na Gusau da na Gombe su ne ukun farko a ƙasar nan. Ya ƙunshi gundumomi biyar, Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, da gidajen manoma fiye da 80,000. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa, an kafa cibiyoyin sayar da kayan noma a warwatse yadda manomi zai kai gare su a keke, aka ɗauki malaman gona. Takin zamani kuma, wanda gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinsa daga arzikin man fetur, ya wadata yadda ba a taɓa gani ba.

Gaskiya ita ce shirin ya canza noman yankin, amma ba ta inda masu tsara shi suka zata ba. Sun sa rai ga auduga, suna son a shuka ta da wuri, ita kaɗai a gona, a yi mata feshi. Manomi kuwa bai yarda ya bar abincinsa ya fara da auduga ba, ga shi farashin da hukumar sayen auduga ke yankawa bai taka kara ya karya ba. David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya riga ya nuna tun a shekarun 1960 cewa haɗa shuka iri-iri a gona ɗaya da manomin Hausa ke yi lissafi ne mai kyau, ba duhun kai ba, amma ba a saurare shi sosai ba. Abin da manoma suka runguma shi ne masara. A da masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Da sabon iri ya zo daga cibiyar bincike ta Ibadan, ga taki mai arha, ga hanyar da mota za ta shiga, sai ta zama amfanin gona na sayarwa, har kasuwanni irin su Ɗandume da Bakori suka zama wuraren da manyan motoci ke lodi zuwa Kudu. Abin lura a nan shi ne, abubuwan da suka isa ga mutane da yawa su ne waɗanda ba sai an rubuta sunan mutum ba kafin ya amfana: hanya, iri, da takin da ake sayarwa ga mai kuɗi a hannu.

Inda ake zaɓe kuwa, labarin ya sha bamban. Shirin ya kasa manoma kashi uku: manyan manoma, da waɗanda ya kira masu ci gaba, watau masu bin shawarar malamin gona, da sauran jama'a da ya kira manoman gargajiya, waɗanda su ne mafi yawa. Masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Brian D'Silva da Rafique Raza a 1980, sun nuna cewa ziyarar malaman gona da sauran gata sun karkata ga kashi biyun farko. Rancen shanun noma da garma, da aikin tarakta, dole su tafi ga mai faɗin gona, tun da mai kadada ɗaya ba shi da abin da zai yi da su, ba shi kuma da abin da zai tsaya masa. Su wane ne manyan manoman? Galibi masu sarauta ne, da attajirai, da manyan ma'aikata na da da na lokacin. Ba sai an yi zargin sata ba kafin a fahimci wannan. Ma'aikacin da aka ce za a auna ƙoƙarinsa da yawan buhunan da aka noma da yawan bashin da aka dawo da shi, hankalinsa zai kai shi wurin mutum goma masu manyan gonaki a bakin hanya, ba wurin mutum ɗari biyar da ke cikin lungu ba. Magidancin nan da aka ambata da farko, wanda ba shi da kuɗin buhun taki a watan Yuni ko da an rage farashinsa, abin da ya samu shi ne ƙarin aikin ƙwadago. Wannan ma wani abu ne, amma ba shi aka yi masa alkawari ba.

Batun ya shiga siyasa a Jamhuriya ta Biyu. Da wa'adin shirin ya cika a 1980, aka so a faɗaɗa shi ya game Jihar Kaduna duka da sabon rance, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ƙi amincewa da sharuɗɗan Bankin Duniya, musamman na barin manyan muƙaman shirin a hannun baƙi da bankin ya yarda da su, ya kuma soki yadda amfanin shirin ya taru a hannun 'yan ƙalilan. Shi ne kuma ya soke haraji da jangali a jihar a 1979, abin da ya ɗauke wa talaka ɗaya daga cikin dalilan sayar da hatsi da arha da kaka. Majalisar jiha ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ko mutum ya yarda da siyasarsa ko bai yarda ba, tambayar da ya yi tana nan: wa ke riƙe da hukumar, kuma a gaban wa take amsa tambaya?

A wannan zamani ne kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa nata hanyoyin rance. Bankin Manoma ya fara aiki a Kaduna a 1973, aka sake masa suna a 1978 don ya haɗa da ƙungiyoyin gama kai, aka haɗe shi da Bankin Al'umma na talakawa a 2000, ya sake suna a 2010. Dokar soja mai lamba 20 ta 1977 ta kafa asusun lamunin rancen noma, wanda ya yi alkawarin biyan banki kashi 75 cikin 100 na abin da manomi ya kasa biya. A 1977 ɗin ne aka umarci bankunan kasuwanci su buɗe rassa a karkara, suka buɗe fiye da 700 kafin ƙarshen shekarun 1980. A takarda ba abin da ya rage. A aikace, banki yana neman takardar mallakar fili, gonar gado kuwa ba ta da takarda, dokar filaye ta 1978 ma ta ƙara sharaɗin samun yardar hukuma kafin a jinginar da fili. A shekarun farko na asusun lamunin kaso mai tsoka ya tafi ga masu gidajen kaji da manyan gonaki. Rassan karkara kuma suka zama bututun da ke tsotse ajiyar ƙauye zuwa birni, har sai da Babban Bankin Nijeriya ya tilasta a riƙa ranta wani kaso a inda aka tara kuɗin.

Akwai wani abu da Dale Adams da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Ohio suka bayyana a 1984 wanda ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe. In gwamnati ta yanke kuɗin ruwa ƙasa da hauhawar farashi, rancen ya zama kyauta. Kyauta kuwa ba ta isar kowa, sai an yi rabo, rabo kuma mai dogon hannu ke fara ɗiba. Wahalar rubuta rancen Naira 200 daidai take da ta rubuta na Naira 200,000, saboda haka ma'aikacin banki zai zaɓi na biyun. Ta haka rancen da aka sauƙaƙa domin talaka yake zama abin da ya fi nisa da talaka.

Ba a ko'ina aka ƙare haka ba. A Indiya, bayan gwamnati ta karɓe manyan bankuna 14 a 1969, an kafa doka daga 1977 zuwa 1990 cewa bankin da ke son buɗe reshe ɗaya a inda akwai banki sai ya buɗe huɗu a inda babu. An buɗe rassa wajen 30,000 a karkara, kuma binciken Robin Burgess da Rohini Pande na 2005 ya nuna talaucin karkara ya fi raguwa a jihohin da rassan suka fi yaɗuwa, ko da yake bashin da ba a biya ba ya yi yawa. Bambancin shi ne an sa doka mai sauƙin aunawa, an kuma tsaya a kanta shekara goma sha uku. Misalin Indonisiya ya fi wannan ban sha'awa. Can ma an yi rancen shinkafa mai rahusa a shekarun 1970, ya durƙushe saboda rashin biya. A 1984 bankin gwamnati mai suna Bank Rakyat ya juya ƙananan rassansa na ƙauye, wajen 3,600, ya ce kowane reshe ya riƙe kansa, ya ranta wa duk mai sana'ar da ya sani a kan kuɗin ruwan da zai biya ɗawainiya, ya saka wa mai biya a kan lokaci, ya kuma karɓi ajiya komai ƙanƙantarta. Cikin 'yan shekaru rassan suka fara cin riba, ajiyar mutanen ƙauye ta zarce rancen da ake ba su. Gine-ginen nan ne dai, galibin ma'aikatan ma su ne. Ƙa'idar aiki aka sauya.

Nijeriya ta sake gwada hanyar farko da kuɗi masu yawan gaske. A watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, inda Babban Banki ke ba ƙananan manoma iri da taki da magani a kan bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, su biya da amfanin gona. Manoman masara da auduga da shinkafa na Jihar Katsina sun shiga ciki. Tunanin ba laifi, domin ya yi ƙoƙarin haɗa manomi da mai saye tun kafin shuka. An raba fiye da Naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ko da an ɗauki lissafin Babban Bankin, kusan rabi bai dawo ba, kuma a ƙarshen 2023 sabbin shugabannin bankin suka dakatar da irin waɗannan rance. An zargi manoma da ɗaukar bashin gwamnati a kan rabonsu ne na arzikin ƙasa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙorafin da aka yi ta ji shi ne kayan suna zuwa bayan lokacin shuka ya wuce, ana ƙiyasta su sama da farashin kasuwa, kuma a cikin jerin sunaye akwai waɗanda ba su san hanyar gona ba. Takin da ya iso a watan Agusta bashi ne kawai, ba jari ba. Manomin kirki da ya ga maƙwabcinsa mai uwa a gindin murhu bai biya ba, ba abin da ya same shi, baɗi shi ma ba zai biya ba.

Binciken shekarun baya-bayan nan ya ƙara rage wa rance kwarjini. Gwaje-gwaje shida da aka buga tare a 2015, daga ƙasashe irin su Indiya da Habasha da Maroko, sun nuna ƙananan rance irin wanda Bankin Grameen na Muhammad Yunus ya shahara da shi yana taimakawa, amma bai fitar da galibin masu karɓa daga talauci ba. A arewacin Ghana kuwa, Dean Karlan da Udry da abokan aikinsu sun tarar a 2014 cewa manoman da aka ba inshorar ƙarancin ruwan sama sun fi faɗaɗa nomansu a kan waɗanda aka ba tsabar kuɗi. Watau abin da ke hana manomi zuba jari sau da yawa tsoro ne: in ya ci bashi ruwa ya ɗauke, da me zai biya? Wannan shi ne abin da dattawan ƙauyukan Zariya suka riga suka warware da sassaucinsu, banki kuwa da takardarsa mai ranar biya guda ɗaya bai warware ba.

Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun gwada wata dabara tun daga wajen 1999, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da kaka ƙungiyar manoma za ta tara hatsinta a sito, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba kowa wani kaso na ƙimar hatsinsa ya yi bukatunsa ko ya ja sana'ar rani, in farashi ya tashi da bazara a buɗe sito, a biya bashi, ragowar ta zama tasa ko ya ci ko ya sayar. Hatsin shi ne jingina, ba a tambayar takardar fili. Gwajin da aka yi a yammacin Kenya a kan rancen kaka ga manoman masara ya nuna riba ta kusan kashi 29 cikin 100 a kan abin da aka ranta. Dabarar tana da haɗarinta, domin akwai shekarar da farashi ba ya tashi, musamman in gwamnati ta buɗe iyaka ga hatsin waje ba zato. Amma ta nufi ainihin ciwon, watau sayarwa da arha da saye da tsada, kuma a yankin da masara ke fita buhu dubbai kamar Bakori ta fi dacewa da rancen tarakta. Za a iya kuma gina ta a kan cinikayyar da shari'a ta yarda da ita, abin da ke da muhimmanci a wurin da mutane da yawa ke gudun bashin banki saboda riba. Sai dai ita ma tana bukatar sito marar yoyo, da sikeli na gaskiya, da mai riƙon mabuɗin da ba zai buɗe da dare ba.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, a karkara kuwa kashi 72. A kudanci da yammacin Jihar Katsina an sami wani sabon dalili da masu tsara shirin 1975 ba su taɓa kawowa a ransu ba. Tun daga tsakiyar shekarun 2010 'yan bindiga suka addabi Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Ɗandume, abin ya taɓa ƙauyukan Bakori da Funtuwa da Malumfashi. A watan Disamban 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. An bar gonakin nesa ba noma, an kore shanun huɗa, a wasu ƙauyuka sai an biya kuɗi kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Shanun nan su ne asusun ajiyar manomi, su ne kuma abin da yake sayarwa ya biya bashi in shekara ta ƙi. Iyalin da suka tara kuɗin fansa sun sayar da gona ko sun jinginar da ita. Ma'aikacin banki ba zai ranta wa gonar da ba zai iya zuwa ya gani ba, malamin gona ma ba zai je ba. Wanda ya rage a gari shi ne mai falle, shi ma yanzu yana sa haɗarin hanya a cikin lissafinsa, buhun da zai karɓa da kaka ya ƙara yi masa araha.